Ranar da yaro ya ƙi zama a tabarmar karatu

Assalamu alaikum. 'Yar'uwa, sannu da ƙoƙari. Kin ce kina koyar da yaranki a gida saboda makaranta ta yi muku nisa, amma akwai ranakun da kina shimfiɗa tabarma sai kuka da ƙunƙuni, har ke ma zuciyarki ta karaya. Ni ma a kan wannan tabarmar nake tun daminar 2022, lokacin da ambaliya ta yanke hanyar ƙauyenmu a ƙasar Ringim. Da ruwa ya janye babban ya koma firamare, ƙananan biyu kuwa na ci gaba da su a gida.

Da farko duk ƙin karatu taurin kai nake ɗaukarsa. Wata safiya na tsare na tsakiyan, yana ɗan shekara 7, a kan lissafin ɗebewa. Yana ta kwantar da kai a gwiwa, ni kuma ina ta faɗa. Kafin azahar jikinsa ya yi zafi rau, ashe zazzaɓin cizon sauro ne ke cinsa tun dare. Har yau in na tuna sai raina ya sosu. Tun daga ranar, kafin in buɗe littafi sai na taɓa goshi, na tambayi ciki. Yaron da bai sha koko ba, bai ci ɗumame ba, kada ki nemi komai a kansa, da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ki duba lokaci ma. A bazara, wajen Afrilu da Mayu, daga bayan asuba zuwa hantsi kawai muke yi. A hunturu kuwa sai rana ta ɗaga sanyi ya saki.

In lafiyarsa ƙalau, ya ƙoshi, kuma ya turje, to ba na soke karatun, rage shi nake. Layi uku, ko minti goma, mu tashi. In kin soke gaba ɗaya, ya gane kuka na sayen hutu, gobe ma zai yi. In kuma kin danne shi da bulala, zai zauna, amma littafin zai tsana, kuma wannan ƙiyayyar ta fi jahilcin rana ɗaya wuyar magani. Hadisi ya zo cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. Abdullahi ɗan Mas'ud ma ranar Alhamis kaɗai yake wa mutane wa'azi, da aka nemi ya riƙa yi kullum sai ya ce yana gudun ya gundure su. Manya ke nan fa, balle yaro.

Akwai abin da na koya daga makarantar allo, wanda ya fi komai yi mini amfani. Malam ba ya sa yaro ya wanke allo a yi masa ƙari sai ya biya na jiya daidai. Sau da yawa yaron da ke kuka ba lalaci ke damunsa ba, an wuce da shi ne inda bai gane ba, kuma kunya ta hana shi faɗa. Ki koma baya shafi biyu, ki ba shi abin da kin san ya iya, ki yaba masa a gaban babansa. Fuskarsa za ta gaya miki. Hutun Alhamis da Juma'a ma na ɗauko daga can.

Wata rana kuma littafin ne ya ishe su, sai in ajiye shi. Mu auna gyaɗa da tiya, su ƙirga. Ranar Asabar da dare na tsakiyan ne ke rubuta cefanen da babansu zai yo a kasuwar Gujungu ranar Lahadi, in ya dawo shi zai lissafa canji. Autar kuwa a ƙasa take rubutu da kara, ta goge da tafin hannu, ba ta tsoron kuskure kamar a takarda. Alewa da kuɗi ban ba ki shawara ba, na gwada, ranar da babu sai karatun ya tsaya.

Kada ki manta suna kewar 'yan'uwansu yara. Sau biyu a mako nake kiran 'ya'yan maƙwabta uku, sai ki ga wanda ya ƙi buɗe baki jiya yana rige-rigen amsa. Ranar da ke ce kika gaji, ga surfe ga ɗiban ruwa, ki sa babban ya karanta wa ƙannensa, ke ki saurara daga bakin murhu.

Ki faɗa mana shekarun naki da lokacin da kuke zama, don ɗan shekara 5 da ɗan shekara 10 ba tafiyarsu ɗaya ba. Allah ya raya mana su, ya sa albarka.