Faifan Creedence guda biyu, kuɗin ɗaya a aljihu

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ina karatu a Landan, na shiga wani shagon tsofaffin faifai sai na ga guda biyu na ƙungiyar mawaƙan Amurka Creedence Clearwater Revival, duka an rubuta Royal Albert Hall, babban zauren wasanni na Landan, a jiki, ɗaya tsoho ɗaya sabo, ni kuma kuɗin ɗaya ke hannuna. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Toh, tsohon nan akwai labari a kansa. A 1980 kamfanin Fantasy ya fitar da shi da sunan Royal Albert Hall, daga baya aka gano ashe kuskure aka yi, ba a Landan aka ɗauki wasan ba, a Oakland ne can Kalifoniya ran 31 ga Janairu 1970, shi yasa aka sauya masa suna zuwa The Concert. Ainihin wasan Landan, na ran 14 ga Afrilu 1970, sai a 2022 ya fito, shekara 52 yana ajiye.

Ni dai in saurare kake so ka ɗauki sabon. An gyara sautin tas, gita biyu kowanne kana jinsa daban, ga muryar jagoran mawaƙinsu John Fogerty mai kaushin nan da za ka rantse ɗan fadamun Luwiziyana ne alhali 'yan ƙungiyar su huɗu duk mutanen El Cerrito ne, kusa da Oakland ɗin ma, wato a tsohon faifan a gida suke wasa gaban mutanensu, kuma wallahi wannan kaɗai ya isa ya sa ni son shi.

In kuma tara faifai kake yi, to mai kuskuren sunan shi ne abin ajiyewa, tunda an daina buga shi da wannan suna. Amma kar ka biya sai ka zaro shi daga kwali, ka karkata shi wajen fitila ka duba, karcen da farcenka ya ji shi allurar na'urar kunna faifai ma za ta ji shi. Ka roƙi mai shagon ya ɗora maka ko minti biyu ne.

Wataƙila ya nuna maka wani faifan nasu, Live in Europe na 1973, ya ce ya fi araha. A wancan su uku ne kawai, Tom Fogerty, yayan John mai kaɗa gita ta biyu, ya riga ya bar ƙungiyar tun farkon 1971, kuma ana jin giɓin gitarsa. Ka bar shi sai wani zuwan.