Tambaya da Amsa: Me Ke Sa Kwanson Harsashi Ya Yi Ƙarko?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni jikan maharba ne, na taso ina ganin kakana yana ɗura bindigar toka da hannunsa. Kwanan baya na ga wani Ba'amurke a intanet yana tsince kwanson harsashin da ya harba domin ya sake cika shi, yana cewa wani kwanson ya fi wani ƙarko. Me ke kawo wannan bambanci, kuma ana iya yin haka a nan? Daga wani mai karatu a Daura.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Sirrin yana cikin ƙarfen da kansa. Tagullar da ake yin kwanso da ita gami ce ta jan ƙarfe kashi 70 cikin ɗari da tutiya kashi 30, kuma an zaɓe ta ne saboda tana miƙewa ba tare da ta tsage ba. Idan albarushi ya kama, kwanson yakan kumbura ya manne da jikin bindiga ta yadda zafi da hayaƙi ba za su dawo fuskar mai harbi ba, sannan ya ɗan tsuke har a iya zaro shi. Kwanson baƙin ƙarfe, irin wanda aka fi yi a Rasha, ya fi araha, amma ba shi da wannan laushi, shi ya sa masu sake cikawa ba su cika kula shi ba.

Sai dai tagulla tana gajiya. Duk maƙeri ya san cewa idan ya dinga bugunta takan yi tauri har ta fara tsagewa, kuma abin da ke samun kwanso ke nan duk lokacin da aka harba shi. Saboda haka masu sake cika kwanso a Amurka da Turai suke neman wanda kaurinsa ya daidaita ko'ina, kuma da yawansu suna yabon na kamfanin Lapua na ƙasar Finlan da na Norma na Suwidin. Duk da haka sukan yar da wanda bakinsa ya tsage ko wani zobe mai haske ya bayyana kusa da gindinsa, domin irinsa kan rabe biyu a cikin bindiga.

Akwai wani tarihi da na san zai ja hankalin mutumin Daura, garin dawaki. Sojojin Ingila a Indiya sun taɓa adana harsasai a bargar dawaki lokacin damina, sai suka dinga tarar da kwanson ya tsattsage ba tare da an harba shi ba. Sai a 1921 masana suka bayyana cewa sinadarin amoniya da ke tashi daga fitsarin dawaki ne yake cin tagullar.

Game da ɓangare na biyu na tambayarka, amsar ita ce a'a. Dokar makamai ta Nijeriya ta 1959 ta hana mutum ƙera ko haɗa harsashi a gidansa, kuma ko mallakarsa sai da lasisi. Ƙera harsasai aikin masana'antar da hukuma ta amince da ita ne, kamar DICON, masana'antar ƙera makamai ta gwamnatin tarayya, da aka kafa a Kaduna a 1964. A ganina, a halin da Jihar Katsina take ciki da 'yan bindiga, ko tara kwanson da ba komai a cikinsa zai iya jefa mutumin kirki cikin tuhumar da zai sha wuya kafin ya fita.

Abin da ya fi damuna shi ne yaran da ke tsintar kwanso a gona suna haɗa shi da kayan gwangwan. A cikin abin da suke tsinta akan samu harsashin da bai tashi ba, wanda zai iya fashewa idan ya shiga wutar maƙera ko aka buga shi da dutse. Wanda ya ci karo da irin wannan ya bar shi inda yake, ya sanar da mai unguwa ko ofishin 'yan sanda mafi kusa.