Ga ƙanwarmu da ta ce bakinta ya bushe a wajen addu'a

Salama a gare ku 'yan'uwa, cikin sunan Yesu. Ni ba mai yawan rubutu ba ce a nan, na fi karantawa in ce amin in wuce. Amma tambayar ƙanwarmu ta jiya ta hana ni barci. Ta ce wata huɗu ke nan da rasuwar mamanta, bayan duk azumi da addu'ar da suka yi a kanta, kuma tun daga ranar in ta durƙusa sai bakinta ya bushe, ko kalma ɗaya ba ta fita. Tana tambaya ko ta ja da baya ne, ko Allah yana fushi da ita.

Ƙanwata, da farko sannu. Allah ya ta'azantar da ke. Na ga amsoshin da aka ba ki, wasu sun ce ki ƙara azumi, wasu sun ce harin Shaiɗan ne. Na san da kyakkyawar zuciya suka faɗa, ban raina kowa ba. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ni na yi fiye da shekara ɗaya a wannan halin da kike ciki, ina kuwa sa ɗinkin Zumuntar Mata ina zama a layin gaba, ba wanda ya sani.

Waɗanda suka daɗe a zauren nan sun san yadda maigidana, Baban yara, ya rasu a 2020, mako guda bayan Ista, ana cikin kullen korona an rufe majami'u. Ba sai na maimaita ba. Abin da ban taɓa faɗa a nan ba shi ne, ba mutuwar ce ta kashe min addu'a ba. A gefen kabarinsa ma na yi addu'a, da kuka dai, amma na yi. Abin da ya biyo baya ne.

Da aka ɗan sassauta kulle sai wan maigidana ya zo Zariya daga gida, wajen Kachiya, shi da wasu mutum biyu na dangi. Mutum ne da ake ji da shi a ikilisiyarsu, in an ce a buɗe taro da addu'a shi ake dubawa. Na yi murna, na ce ga uban yara ya zo duba marayu. Na dafa musu tuwo da 'yar masarar da ta rage mana. Da suka ci suka wanke hannu, sai ya ce a kira yara mu yi addu'a. Muka riƙe hannu a tsakar ɗaki. Hannuna na dama yana cikin nasa, har yau ina jin danshin tafinsa. Ya yi addu'a ta kusan minti ashirin. Ya kira Allah uban marayu, mai tsaron gwauraye. Ya kira sunan kowane yaro. Muryarsa har rawa take, ni kuwa hawaye shaɓe-shaɓe ina ta amin, amin. Yana rufewa, ko zama ba mu yi ba, ya ce to, dangi sun zauna, sun ce in kawo makullin keke napep ɗin marigayi da takardar filin da ya saya, kuma gonar citta ta gida shi zai riƙa noma ta, wai kafin yara su girma.

Ban ce uffan ba. Na shiga uwar ɗaki na ɗauko na miƙa masa da hannu biyu, don haka aka koya mana. Keken nan rabin kuɗinsa daga adashina ya fito, na ɗinkin da nake yi har ƙarfe ɗayan dare. Ya sani sarai, a gabansa aka yi lissafin. Ya juya makullin a yatsa, ya ce “Allah ya yi miki albarka, ke mace ce mai biyayya.” Babban ɗana, lokacin shekararsa goma sha uku, ya bi su har bakin titi yana kallo ana tura keken don batir ya mutu. Da ya dawo ya tsaya a ƙofa ya ce, Mama, ashe addu'ar ta ɗaukar keke ce? Na kai hannu zan mare shi, hannun ya ƙi tashi. Ko sisi mutumin nan bai aiko ba tun daga ranar, ko na makaranta, ko mudun citta na shayi. A Kirsimati ne yake turo min aya ta waya. Aya! Na taɓa ganin hotonsa a Facebook yana jagorantar addu'a a wani taron maza, ya ɗaga wannan hannun sama, na kashe wayar na kwana biyu ban kunna ba.

Daga ranar, duk lokacin da aka ce mu rufe ido, muryarsa nake ji. Sai in bar idona a buɗe ina kallon ƙasa. Da aka buɗe majami'u na koma sujada, amma in an zo Addu'ar Ubangiji, daidai wurin da muke roƙon a gafarta mana kamar yadda muke gafarta wa masu yi mana laifi, sai in yi tari ko in gyara ɗankwali har a wuce. Na ce gara in yi shiru da in yi wa Allah ƙarya a ɗakinsa. Daga baya na ci karo da Markus 12:40, inda Yesu ya yi magana a kan masu cinye gidajen gwauraye suna kuma doguwar addu'a don mutane su gani. Na karanta ta ya fi sau goma. Ba ta dawo min da addu'a ba, amma na san cewa an gani, ba ni kaɗai ce a ɗakin nan ranar ba.

Kin ce ba kya iya cin abinci. Don Allah ki fara daga nan. Lokacin nawa makokin ya faɗo cikin azumin Musulmi, kuma maƙwabciyata Musulma ce, katanga ɗaya ta raba mu a Sabon Gari. Kullum da magariba sai ta turo 'yarta da kunun tsamiya da ƙosai na buɗa baki, wani lokaci ta zo da kanta ta tsaya a kaina sai na shanye. Ba wa'azi, ba tambaya. Ki duba 1 Sarakuna 19, annabi Iliya ya gudu jeji ya roƙi Allah ya ɗauki ransa. Allah bai sa shi azumi ba. Ya bar shi ya yi barci, mala'ika ya tashe shi ya ce ya ci, ya ci ya sake kwanciya, aka sake tashinsa ya ci. Sai daga baya aka yi magana. Rai dangin goro ne, ruwa ake ba shi. Masu ce miki ki shiga azumin kwana bakwai alhali ko kofin shayi ba ya wuce miki wuya, ki yi musu godiya kawai.

Wadda ta gane ni wata tsohuwa ce a Zumuntarmu, ta yi kusan tamanin, ba ta iya karatu ba amma rabin littafin waƙoƙi yana kanta. Wata Laraba bayan addu'ar tsakiyar mako ta riƙe min zane ta ce, 'yata, leɓenki kawai ke motsi. Na fashe da kuka a bayan majami'a, na faɗa mata komai. Na zata faɗa za ta yi. Sai ta tuna min da shanyayyen nan na Kafarnahum da mutum huɗu suka ɗauko, suka buɗe rufin ɗaki suka zura shi gaban Yesu. Ta ce, shi me ya ce? Na ce bai ce komai ba. Ta ce to bangaskiyar wa Yesu ya gani? Na ce tasu. Ta ce kwanta a tabarmarki, mu za mu ɗauke ki. Wata shida tana zuwa gidana duk Asabar da yamma, ta yi addu'arta gajeriya, wani lokaci da harshensu da ba na ji, ni nawa amin ne kawai. Wasu ranakun ko amin ɗin ba ya fita, ba ta taɓa tambayata dalili ba. Ta riga mu gida bara. Ki nemi irin wannan, mace ɗaya, mai riƙe baki. Ba dole sai Maman Fasto ba, kuma ba kowa ake buɗe wa ciki ba, don wata roƙon addu'arki zai zama labarin kasuwa kafin Lahadi.

In naki kalmomin sun ƙare, ki yi aro. Zabura ta 13 sau huɗu Dawuda yana tambayar Allah har yaushe. Zabura ta 88 kuwa daga farko har ƙarshe kuka ne, da duhu ta rufe, ba ko “halleluya” ɗaya, kuma an bar ta a cikin Littafi Mai Tsarki. Ni ita na riƙa karantawa a bayyane da asuba, lokacin da kiran salla ya tashe ni, ina zaune bakin gado ko durƙusawa ba na yi. Hannatu ma a Shilo leɓenta kawai ke motsi har Eli ya ɗauka ta bugu, ga shi firist ne. Romawa 8:26 ta ce ba mu san yadda za mu yi addu'a ba, Ruhu da kansa yake roƙo dominmu da nishin da baki ba ya iya faɗa. Wannan ajiyar zuciyar da kike yi a kan gwiwa, ni ban ɗauke ta a banza ba. Bitrus da yake nutsewa a ruwa “Ubangiji, ka cece ni” kawai ya ce.

Af, kada in manta. Yanzu ne masu gani za su fara nemanki. Ni ma wata ta kai ni wani gidan addu'a a bayan gari, mutumin ya dube ni ya ce akwai hannu a mutuwar mijina, in kawo kuɗin mai da na farin yadi a warware. Saura kaɗan in sayar da keken ɗinkina. Duk wanda ya sa wa addu'a farashi, ko ya fara nuna miki wata gwaggo ko kishiyar mamanki wai ita ce, ki ɗauki jakarki. Kuma in barci ya ƙi zuwa, kanki na sarawa, ki je a auna jininki. Ni ina ta ɗaure aljanu a raina ashe hawan jini ne, har yau ina shan ƙwayar kowace safiya kafin in buɗe Littafi.

Su kuma matan da mazansu ke da rai, ku ji ni da kyau, ko da ba shi aka tambaya ba. Abin da kuka haɗa kuɗi kuka saya, a sa sunanku a takarda. Ku san inda takardun suke. Ku lallaɓi maigida ya rubuta wasiyya a gaban shaidu, wannan ba kiran mutuwa ba ne. Da na san haka da ba a tura keken nan a gaban ɗana ba.

Bari in faɗi abin kunyata. A daminar 2023, da cutar nan ta faɗa wa citta a kudancin Kaduna gonaki suka ruɓe, aka kira ni aka ce ta wan maigidana ma ba a tsira da komai ba, har da gonarmu. Na ji wani sanyi a ƙirjina. Na ce Allah ya amsa. Ina cikin murnar sai na tuna da sauran mutanen ƙauyen, matan da suka ci bashi suka sayi iri, waɗanda ba su ɗauki makullin kowa ba. Na tsorata da kaina. Daren nan ne na fara yi wa Allah magana da bakina, ba ta aro ba, kuma ba mai daɗi ba ce. Na ce masa na tsani mutumin nan, na ce kai ma ina jin haushinka da ka bar shi ya kira sunanka a ɗakina. Na yi ta faɗa har zakara ya yi cara. Rufin bai faɗo min a ka ba. Da gari ya waye na dama koko na sallami yara makaranta.

A kan mamanki, ba ni da amsar dalilin da ya sa kuka roƙa ba a ba ku ba, kuma duk wanda ya ce miki bangaskiyarku ce ta gaza bai kyauta ba. Dawuda ya yi azumi ya kwana a ƙasa saboda jaririnsa, yaron ya mutu a rana ta bakwai. Bulus ya roƙa sau uku a cire masa ƙaya, ba a cire ba. Ubangijinmu da kansa a Getsamani ya roƙa ƙoƙon ya wuce shi. Wa zai ce waɗannan ba su iya addu'a ba?

Yanzu addu'ata ba ta da tsawo, kuma na daina jin kunyar haka. Da asuba Zabura ɗaya. In yara za su fita in dafa kan kowa in kira sunansa. In na zauna kan keken ɗinki zan yanka yadin mutane in ce Yesu ka riƙe hannuna, don leshin wata ya fi kuɗin hayata. Lokacin cin abinci autata ce mai yi, ita ce ma ta riƙe mana wannan duk tsawon shekarar da na yi shiru, tana gode wa Allah har da gishiri. Da dare mu yi waƙa ɗaya, wani lokaci ina gyangyaɗi. Layin nan na gafara kuwa, wata Lahadin ina faɗa, wata Lahadin har yanzu ɗankwali nake gyarawa. Sunan wan maigidana sau biyu na iya kira a addu'a, na biyun da aka ce yana kwance ba lafiya, kuma da ƙyar ya fito.

Ƙanwata, kada ki daina zuwa sujada ko da a bencin baya za ki zauna ki yi shiru. In an ce ki buɗe da addu'a ki ce a ba wata, ba laifi ba ne. Ki turo min saƙo ta gefe in kina so, ki faɗa min sunan da kike kiran mamanki da shi. Asabar da yamma ƙarfe biyar ina rufe shago, lokacin da tsohuwar nan take zuwa min ke nan, zan riƙa kiranki. In kin ga dama ki ɗaga ki ajiye wayar a gefe, ba sai kin ce komai ba.