Sashen ƙananan yara a wurin shaƙatawa: auna tsayinsu tun a gida

'Yar'uwa, tambayarki ta taɓa ni. Kin ce yaranki biyu ne, ɗan shekara biyu da 'yar shekara huɗu, kina son sanin ko sashen ƙanana zai ishe su yini guda, da abin da za ki tarar. Irin wannan fita an sha dawowa daga cikinta da kuka, yara na kuka uwa na haɗiyar nata.

Abin da ba a faɗa a talla shi ne ba shekaru ake dubawa ba, tsayi ake aunawa. A bakin lilo da yawa akwai sandar awo, kuma ma'aikacin da ke wurin ba ruwansa da cewa yarinyar tana da wayo ko ta kusa shiga biyar. Iyakokin da aka fi gani su ne wajen santimita 90, da 100 ko 102, da 107, sai 120 ko 122 na manyan jirage masu hawa da gangara. Ko a Magic Kingdom na Disney a Amurka, ɗan ƙaramin jirgin da ake kira Barnstormer sai yaro ya kai santimita 89, alhali lilon giwaye da ake kira Dumbo ba shi da iyaka. Ɗan shekara biyu yawanci bai kai 90 ba ko yana gab da ita, 'yar huɗu kuma tana yawo a kusa da 100. Kin ga duka biyun a kan gaɓa suke. Ki jingina su da bango da takalman da za su sa ranar, ki ɗora littafi a kai, ki auna, ki rubuta, sannan ki buɗe shafin wurin ki duba lilo ɗaya bayan ɗaya.

Wallahi ba abin da ya kai wannan lokacin ciwo. An yi minti arba'in a layi cikin rana, yarinya tana ta nuna dokin da za ta hau, an zo bakin ƙofa, sai a tsayar da ita a jikin sanda a ce saura santimita biyu. Yayyen wasu suna wucewa ta gabanta suna dariya. Ta faɗi ƙasa tana birgima, ƙanin ya kama nasa kukan, na baya suna tsaki. Abin haushin, wasu wuraren ba sa sa sandar a farkon layi, sai a ƙarshe, kamar da gangan. Mene ne wahalar kafa ta inda layi ya fara? Dokar ita kanta ban ga laifinta ba, don ƙarfen da ke danne cinya an ƙera shi ne da girman jiki, yaron da bai cika shi ba zai iya sulluɓewa ta ƙasa. Saboda haka kar ki cusa takarda a takalmi kamar yadda wasu ke yi. Ki tambaya a ƙofar shiga ko suna awo sau ɗaya su ɗaura wa yaro zare mai launi a hannu, wasu wuraren suna yi. Akwai kuma akasin haka: wasu 'yan motoci suna da iyakar sama, babba ba ya shiga, yaro shi kaɗai zai zauna. Idan ɗan shekara biyun bai saba rabuwa da ke ba, zai miƙe tsaye ana cikin tafiya, a tsayar da lilon gaba ɗaya.

Layin ƙanana yana da jinkiri fiye da yadda ido ke gani. Lilo mai kujeru goma sha shida yana juyawa minti ɗaya da rabi, amma saukewa da ɗorawa da duba bel ɗin kowane yaro sai su ci minti uku. Ku je da an buɗe ƙofa, ku fara da wanda suka fi so, ku bar filin yashi da zamiya sai rana ta yi, tunda su ba layi. Amma ki taɓa zamiyar da bayan hannunki tukuna, ƙarfe da robar ƙasa suna ƙona fata idan rana ta dake su.

Kar kalmar “na yara” ta ruɗe ki a kan jiragen da ke shiga cikin duhu. Ba gudu suke ba, amma akwai ƙara da fuskoki masu bayyana kwatsam, kuma idan an shiga ba fita sai an kai ƙarshe. Ki nuna musu bidiyon a waya tun a gida. Haka masu shigar 'yan katun, a talabijin abokai ne, a zahiri dodo ne mai ƙaton kai da ba ya magana. Ki bar yaron ya matsa da kansa.

Idan da mijinki ko wata babba za ku je, ki tambayi tsarin musayar iyaye, Disney suna ce masa Rider Switch: ɗaya ya hau da babbar yarinyar, ɗaya ya riƙe ƙaramin, sai ku yi canji ba sabon layi.

Wurin feshin ruwa kuwa, kaya biyu na canji ga kowane yaro, da famfas na ruwa, don na yau da kullum kumbura yake ya yi nauyi. Kar su sha ruwan, kuma yaron da ya yi gudawa kwanan nan kar ya shiga, akwai ƙwayar cutar da ke kwanaki a ruwa mai kulorin, wato maganin tsabtace ruwa, ba ta mutu ba. Keken tura yaro ki ɗaura masa ƙyalle mai haske, ma'aikata suna matsar da su, ki fito ki tarar da ɗari iri ɗaya. Ki ɗauki hoton yaran da safe cikin kayan ranar, ki rubuta lambarki ki sa a aljihunsu.

Yini guda da kika tambaya, a'a. Awa uku zuwa huɗu ne ƙarfin ɗan shekara biyu, lilo biyar ko shida, kuma kar ki yi mamaki idan uku daga ciki jirgin ƙasa ɗaya ne ake ta maimaitawa. Idan wurin yana yarda a fita a dawo da tikiti ɗaya, ku fita lokacin barcinsa, ki tabbatar an buga muku hatimi a hannu kafin ku wuce ƙofa.