Amsa: Ko akwai kuɗi masu hoton ƙudan zuma?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko da gaske akwai kuɗi masu hoton ƙudan zuma da za ka ƙara cikin tarinka. Akwai su, kuma abin ya daɗe. Mutanen birnin Afisa, a ƙasar Turkiyya ta yau, sun buga ƙudan zuma a kan tsabar azurfarsu tun kafin haihuwar Annabi Isa (AS), don shi ne tambarin birninsu.

A takarda kuwa, nemi gilda 50 ta Holan ta 1982, mai ƙaton fure rawaya da ƙudan zuma a kai. Ni dai ita ta fi burge ni. Sai kurona 100 ta Suwidin mai hoton masanin tsirrai Carl Linnaeus a gaba da ƙudan zuma a baya, wadda aka daina karɓa a 2017. In ka samu, kada ka wanke ta ko ka bi ta da dutsen guga, darajarta faɗuwa za ta yi.