Ku Tambaya Mu Amsa: Asubar da ta Kuɓuce, Bashin Waya da Sakamakon da Aka Ɓoye wa Baba

Wasiƙun wannan fitowar daga ɗalibanmu na Gombe suka zo, waɗanda suka bar gaban iyaye karon farko. Mun sakaya sunayensu kamar yadda suka roƙa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Shekaruna 19, daga Dukku nake, ina aji ɗaya a Jami'ar Tarayya ta Kashere. A gida Baba ne ke buga mana ƙofa mu tafi masallaci da Asuba. Tunda na zo makaranta sai rana ta fito nake farkawa, wani lokaci kunya da kasala su sa in bar ta gaba ɗaya. Ina jin ta kai wata uku. Yaya zan yi?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗanmu. Damuwar da ta sa ka rubuto alheri ce, ka riƙe ta. Matsalarka gida biyu ce: bashin da ke kanka, da ƙofar da bashin ke shigowa.

Mu fara da bashin. Sallar farilla ba ta faɗuwa daga kan baligi don lokacinta ya wuce. Hadisi ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa wanda ya yi barci ko ya manta da salla, ya sallace ta idan ya tuna. Wanda ya bari da gangan kuwa, mazhabobi huɗu sun tafi a kan ya tuba kuma ya rama. Ka ɗauki biro ka ƙirga tun daga ranar da ka sauka a makaranta. Inda ka yi shakka, ka ɗauki adadi mafi yawa, wanda zuciyarka za ta natsu cewa ba saura. Wata uku kwana casa'in ne, ka cika shi ɗari. Littafin Ahalari da muka karanta a makarantun zaure ya ce wanda ke rama sallolin kwana biyar a kowace rana ba a kiransa mai sakaci. Idan Asuba kaɗai ake binka, ka rama ɗaya bayan kowace farilla, biyar ke nan a yini, cikin kwana 20 ka sauke ɗarin. Raka'a biyu ce, da ƙyar ta ci maka minti biyar.

Ana rama salla yadda ta kuɓuce. Asuba a bayyane ake karatunta ko da rana tsaka kake ramawa. Ka yi iƙama ga kowace ɗaya, babu kiran salla. Ramuwar farilla ba ta da lokacin hani, ko bayan La'asar kana iya yi. Muddin bashin na kanka ka jingine nafilfili, ban da shafa'i da wutiri da raka'o'in alfijir da sallar Idi. Ka manna takarda a bangon gadonka kana jan layi ga kowace wadda ka rama. Waɗanda suka fara ramuwa suka watsar, yawanci lissafin ne ya ɓace musu.

Sai ƙofar. Alfijir a Gombe yana ketowa tsakanin ƙarfe 4:30 da 5:30, gwargwadon lokacin shekara. Saurayi kamarka yana buƙatar barcin awa bakwai ko kusa da haka, don haka wanda ya kai ƙarfe ɗaya yana latsa waya ya riga ya sayar da Asubarsa tun kafin ya kwanta. Ka kwanta ƙarfe goma, karatun dare ka mayar da shi bayan Asuba, lokacin da ɗaki ya yi tsit kuma kai bai ɗauki hayaniyar yini ba. Wayar da za ta tashe ka kada ta kwana a ƙarƙashin matashi, don hannu zai kashe ta ido bai buɗe ba. Ka ajiye ta can bakin ƙofa, kusa da buta. Sannan ka nemi mutum ɗaya a layinku wanda ba ya fashin jam'i, ka ce masa a fili ya riƙa buga maka ƙofa.

Akwai abin da samari ke jin nauyin faɗa, mu za mu faɗa. Sau da yawa mafarki ne ke hana tashi: mutum ya farka da janaba, ga hunturu, ga famfo babu ruwa, sai ya ja bargo. Maganinsa cikakken bokiti ɗaya a rufe kowane dare kafin ka kwanta. Abin da wanka ba ya inganta sai da shi kaɗan ne: niyya, game jiki duka da ruwa har tushen gashi, cuɗawa, da yin su a jere ba tare da dogon tsaiko ba. Rabin bokiti ya isa. Idan ruwan ya ɓace ɗungurungum, ko kana da ciwon da ruwa zai tsananta, ka yi taimama ka yi salla cikin lokaci, ka yi wanka idan ruwa ya samu. Ranar da ka makara duk da haka, kana buɗe ido ka tashi ka yi ta, kada ka ce sai an dawo daga lacca.

TAMBAYA: Malam, ni ɗaliba ce a Jami'ar Jihar Gombe, ina haya a Tudun Wada. Baba yana turo mini naira 40,000 duk wata, amma kafin ranar ashirin sun ƙare. Na ci bashin 10,000 a wata manhajar waya, suna neman 13,000 cikin mako biyu, har sun fara barazanar kiran mutanen da ke cikin wayata. Wata ƙawata kuma ta ari 7,000 wata huɗu ke nan, ina jin nauyin tambaya.

AMSA: 'Yarmu, wutar da ke ci yanzu ita za a fara kashewa. Ƙarin 3,000 a kan 10,000 cikin kwana 14 kashi 30 cikin ɗari ne, wato sama da kashi 60 a wata. Wannan riba ce, wadda aya ta 275 ta Suratul Baƙara ta haramta. Lambobin mutanenki kuwa ke kika ba su da hannunki ranar da kika sauke manhajar kika danna amincewa ba tare da karantawa ba. Kuskuren da ke nutsar da ɗalibai shi ne cin bashi a manhaja ta biyu don a biya ta farko. Kafin zangon karatu ya ƙare sai a tarar da manhaja huɗu suna bin mutum ɗaya.

Ki kira Umma ko babban yayanki yau, ki faɗi adadin daidai, kada ki rage ko sisi. Faɗan da za a yi miki na yini ɗaya ne, kuma idan gida sun riga sun sani, barazanar kiran dangi ta zama fanko. A biya, ki ajiye shaidar biyan, ki shiga saitin wayarki ki janye izinin ganin lambobi da hotuna, sannan ki goge manhajar. Idan suka ci gaba da zagi ko yaɗa hotonki, ki ɗauki hoton saƙonnin ki kai ƙorafi hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta tarayya, FCCPC, wadda ke sa ido a kan masu ba da bashi ta waya.

Kuɗin wata kuma, ranar da suka shigo ake raba su, ba ranar da suka fara ƙarewa ba. Ga misali da 40,000 ɗinki: 22,000 abinci da makamashin girki, 6,000 kuɗin keke, 4,000 data, 4,000 takardu da buga aiki, 4,000 ajiyar da ba a taɓawa sai ciwo ko tafiyar gaggawa. Kuɗin abincin kada su kwana a asusu. Ku haɗu ku uku ko huɗu ku je Tudun Hatsi ku auno shinkafa da wake da masara da mudu, ku raba, ku biya ta kasuwa ku sayi manja, man gyaɗa, garin kwaki, kuka, busasshiyar kuɓewa da daddawa. Waken ki shanya shi sosai, ki zuba a busasshiyar jarka tare da busasshen barkono, ki toshe bakin da kyau, in ba haka ba ƙwari za su riga ki cinye shi. Kuɗin da suka zama hatsi ba sa zama anko.

Ki sayi ƙaramin littafi ki rubuta duk abin da ya fita har kwana talatin, ko naira ɗari ce ta awara. A nan za ki ga ramin. Yawanci ba babban kashi ba ne: data ce da ake saye kullum ƙanana-ƙanana maimakon ta wata guda, da abincin waje, da gudummawar bikin da ba dole ba. Idan bayan wannan lissafin kuɗin ba su isa da gaske ba, ki nuna wa Baba littafin. Akwai kuma asusun lamunin ɗalibai na tarayya, NELFUND, wanda aka sa wa dokarsa hannu a 2024. Ba shi da kuɗin ruwa, kuma sai shekara biyu bayan hidimar ƙasa ake fara biya. Amma bashi ne, ki yi shawara da gida kafin ki nema.

Ƙawarki kuma, neman haƙƙinki ba rashin kunya ba ne. Ki same ta ita kaɗai, ki ce kina cikin matsi, ku yanka biya kashi-kashi, ko 2,000 duk wata. In da gaske ba ta da shi, aya ta 280 ta Baƙara ta ce a jinkirta wa mai ƙunci. Nan gaba ki yi aiki da aya ta 282, mafi tsawo a Alƙur'ani, wadda ta yi umarni a rubuta bashi da wa'adinsa. Ko saƙon WhatsApp mai ɗauke da adadi da rana ya fi dogaro da "ai mun saba".

TAMBAYA: Malam, na gama aji ɗaya da CGPA, wato matsakaicin makin duk kwasa-kwasaina, 2.10, na faɗi kwas biyu. Na ce wa Baba komai lafiya. Shi manomi ne a Bajoga, sai da ya sayar da hatsi ya biya mini kuɗin makaranta. Akwai sauran gyara?

AMSA: Akwai, ɗanmu, kuma ga lissafin. A ma'aunin maki biyar da jami'o'inmu ke amfani da shi, A biyar ce, B huɗu, C uku, D biyu, E ɗaya, F kuwa sifili. Ana ninka makin da yunit ɗin kwas, a tara, a raba da jimillar yunit da ka yi rajista. Shi ya sa F a kwas mai yunit uku ke da zafi: ba ta kawo komai ba, amma ukun nan suna cikin abin da ake rabawa da shi. Mu ce ka ɗauki yunit 40, makinka 84 ke nan. Idan ka riƙe matsakaicin B a yunit 40 na aji biyu, ka koma 3.05. Ka maimaita a aji uku, 3.37. Ka sake a aji huɗu, 3.53, ka tsallaka 3.50 da ake shiga babban mataki na biyu na digiri da shi. Ka ga hanyar a buɗe take, amma babu sarari ga wata shekarar wasa.

Ka fara rajistar kwasa-kwasan da ka faɗi kafin sababbi, kuma kada ka cika yunit har maƙura don gaggawa. Ka je wurin malamin da ke kula da ajinku da takardar sakamakonka ku tsara tare. Ka duba makin gwaji da aikin gida na kwas biyun nan. Da yawa a nan suke zubar da maki tun kafin ranar jarrabawa. Satar amsa kada ta ko gifta maka. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu, kuma hukuncinta a jami'a yana kaiwa ga kora.

Maganar Baba ba ta waya ba ce. Ka buga sakamakon a takarda, ka rubuta wannan lissafin a bayanta da hannunka, ka tafi Bajoga ranar Juma'a. In kana jin tsoro, ka fara shaida wa Inna ko baffanka ya zauna tare da ku. Bayan Isha, idan ya ci abinci ya natsu, ka durƙusa ka fara da neman gafarar ƙaryar da ka yi kafin ka zo kan maki, domin ita za ta fi yi masa ciwo. Kada ka ɗora laifi a kan malami ko rashin wuta. Duk abin da ya faɗa ka saurara har ya gama, sannan ka yi masa alkawarin kawo masa takardar kowane zango da hannunka, ranar da ta fito.