P0171 da P0174: ajiye sifanan nan tukuna

Ka ce tsohuwar a-kori-kurar nan ta fito da lambobin matsala P0171 da P0174 a sikana, na'urar karanta matsalar mota, kana tambaya ko ka kwance sensar salansa ka sa sabuwa. Kai yaro, ajiye sifanan nan ka zauna.

Lambobin biyu magana ɗaya suke yi: iska ta yi wa fetur yawa, ta farko a ɓangaren injin da silinda ta ɗaya take, ta biyu a ɗaya ɓangaren. Inji yana son iska kashi 14.7 kan fetur kashi 1, a nauyi. Sensa ta sansana hayaƙi ta kai rahoto, kwamfuta ta yi ta ƙara mai har ta ƙure iyakarta, sannan ta kunna fitilar gargaɗin inji. Sensa 'yar aike ce. Yanzu kai a hankalinka, sensa biyu za su lalace rana ɗaya, kuma su shara ƙarya iri ɗaya? Ka bar jaki kana dukan taiki.

Ni ma na daki taikin nan, kuma har gobe abin yana ci mini rai. Ni ɗan zamanin kaburata ne, da kunne nake gyara. Da motocin da aka ƙera daga 1996 zuwa sama suka fara zuwa hannuna, masu ramin sikana na OBD-II, sai na ɗauka na'ura ta gama mana aiki. Wani mutum ya kawo mini V8, mai silinda takwas, tana karkarwa a silo, wato a kunne ba a taka totur ba, da lambobin nan biyu. Baki kamar zuma. Ya ce in sa duk abin da ya kamata, in an gama zai biya gaba ɗaya. Na sayi sensa biyu da kuɗina na ɗaura, na goge lamba, ya tafi. Kwana uku sai ga shi, fitila ta dawo. Na canza sensar auna iska, wato MAF. Ta dawo. Na ce to famfon mai ne. Muka sauke tanki da fetur sama da rabi a ciki, mu uku a kwance ƙarƙashin mota, yana zuba mana a hammata. Sabon famfo, sabuwar filta, duk daga aljihuna. Ta dawo.

Karo na huɗu da yamma ne, kowa ya watse, gareji ya yi tsit. Na bar ta a silo, na tsaya ina kallonta kamar in yi kuka. Sai na ji wani ɗan tsaki siriri daga bayan inji. Na zura hannu bayan manifol, bututun da ke raba wa silinda iska, inda ido ba ya kaiwa, na taɓa wata 'yar lanƙwasasshiyar roba ta tiyon PCV, mai mayar da tururin cikin inji zuwa manifol. Mai da zafi sun dafa ta, ta yi laushi, ta tsage ta ƙasa. Ina danne wurin da babban yatsa, muryar inji ta daidaita. Robar da ba ta kai tsawon yatsana ba!

Wautata ta biyu, na nuna masa. Ya jujjuya ta ya ce, ashe wannan ce matsalar, to ita zai biya, sauran shi bai aike ni ba. Na ce to bari in kwance kayana. Ya ce haba maigida, bari ya je ya dawo. Har yau yana dawowa. Robar tana nan cikin durowata.

Ku yaran yanzu, sikana ta ambaci sunan abu, kun ruga kanti. Ko ku duba waya ku ga wani ya gyara tasa cikin minti biyar, shi ke nan kun zama ogogi. Alhali sikanar da ke hannunka tana da amsar, ba ka buɗe shafin ba ne.

Bari inji ya yi zafi. Buɗe STFT da LTFT na kowane ɓangare, su ne ke nuna yawan man da kwamfuta ke ƙarawa, ka haɗa su. In ba su wuce 10 cikin ɗari ba, lafiya. In sun doshi 20 ko 25 a silo, taka totur har inji ya kai juyi 2,500 a minti, ka riƙe. Lamba ta sauko? Iska ce ke satar hanya bayan MAF, domin a silo ƙofar totur a rufe take, zuƙa tana da ƙarfi, ɗan rami kaɗan sai ya yi tasiri. In kuwa a silo ƙalau take, sai an taka ko an ɗora kaya take hawa, to ko mai ba ya isa, ko MAF ta yi datti tana rage lissafin iska. Fesa mata maganinta, kada ka taɓa siririyar wayar da hannu. Sannan sa gejin auna ƙarfin mai a layin mai, ka gwada da adadin da littafin injin ya faɗa. Yadda ake sa geji ba zan ɓata bakina ba.

In satar iska ce, tura hayaƙi cikin manifol ka ga inda zai ɓullo. Masu fesa maganin kaburata a inji mai zafi don neman yoyo, na ga wanda ya rasa girarsa. Lanƙwasa babban tiyon da ke tsakanin MAF da totur, a cikin ninkin ƙasa yake tsagewa. Gasket ɗin manifol kuma munafuki ne, yakan yi yoyo da sanyi ya rufe in ya ɗau zafi, don haka duba a wane zafi kwamfuta ta adana lambar. Da ɓangare ɗaya ne kawai, da na ce ka nemi huji a salansa kafin sensa, ko nozul mai fesa fetur da ta toshe, amma a motar nan ɓangare biyu ne.

Kada ka cire kan batir, kada ka goge komai. Je ka rubuto mini lambobin silo da na 2,500, ka zo da fitilar hannu.